Shafin Takalman Shaho

Teburin Kunkuru shi ne na ƙarshe a ofishin, a lungun da ke tsakanin injin buga takardu da wata taga da aka liƙe tun kafin ya fara aiki. Shekara uku ke nan yana zama a wurin yana gina wa mutane shafukan intanet: na otal, na makarantu, da na wani mai sayar da tayal da ke bugo waya duk Litinin ya ce a ƙara wa hotonsa girma. A ofis Injiniya ake ce masa. Kunkuru kuwa abokan gem, wato wasan kwamfuta, ne suka laƙaba masa, don a wasa ba ya gaggawa, yana iya lafewa bayan katanga minti biyar yana jiran abokin gaba ya kawo kansa.

Kamfanin na kawunsa ne, ƙanin mahaifiyarsa. Su biyar ne har da Kawun, amma shi kaɗai ke rubuta kod, wato umarnin da ke sa shafi ya yi aiki. Akwai Mai Zane, wadda ke tsara kamannin shafi kafin ya gina shi, sai mutum biyu da ke yawon neman kwastoma. Kawu ne ya saya masa kwamfutarsa ta farko shekarar da mahaifinsa ya rasu, shi ya kai shi inda ya koyi aikin. A gida Kawu ne, a ofis Yallaɓai. Ranar da bakinsa ya suɓuce ya ce Kawu a gaban kwastoma, sai da aka kira shi ciki aka rufe ƙofa.

Asabar da Lahadi bayan la'asar su huɗu ke haɗuwa a gem, kowa daga ɗakinsa, hedifon a kunne. Wasan na tsaron wata tashar jiragen ruwa ne, mutum huɗu-huɗu. Shaho ke kutsawa gaba. Nas ke jinyar wanda aka harba, kamar jinyar da take yi a asibiti ba ta ishe ta ba. Malam, mai koyar da lissafi a sakandare, yana kan rufi da bindiga mai dogon zango yana yi wa kowa gyara. Kunkuru ke tsare ƙofar baya. A waɗannan awanni biyu ne kawai yake ɗaga murya a duk mako, har mahaifiyarsa ta saba, in ta ji ihu daga ɗakinsa ba ta ko waiwayawa.

Shaho abokinsa ne tun suna zama benci ɗaya a makaranta. Yanzu yana da shagon takalman motsa jiki a wani layi kusa da tashar mota. Wata Lahadi, bayan sun ci wasa uku a jere, Nas da Malam sun sauka, Shaho ya ce, "Tsaya, kar ka kashe. Shafi nake so ka yi min."

"Wane irin shafi?"

"Na shago mana. Mutum ya ga takalmi, ya zaɓi lamba, ya danna, in aika masa. Na gaji da masu cewa in turo hoto, in turo guda ashirin, su ce za su yi shawara."

Kunkuru ya yi dariya, sannan ya gaya masa gaskiya: ya sa hannu a takarda cewa ba zai yi aikin waje ba. "Amma ka kawo ofis. Ni zan yi da hannuna, ba wani ba."

"Kafin a koma makaranta nake so. Lokacin ne iyaye ke sayen takalmi. Saura sati shida."

"Uku sun ishe ni."

"Ka tabbata?"

"Haba Shaho. Na taɓa barin ƙofar baya a buɗe?"

Ranar Talata Shaho ya zo ofis da riga mai guga. Kawu ya tarbe shi da fara'a, ya sa aka kawo masa shayi, ya ce abokin Injiniya ai ɗan gida ne. Aka sa hannu. A ranar Kunkuru ya yi rajistar adireshin shafin, gajeren suna mai daɗin faɗa, a ƙarƙashin sunan kamfani kamar yadda ake yi wa kowa. Shaho bai jira ba, ya kai adireshin wurin masu ɗab'i aka buga masa a jikin ledojin shago da sabon allon ƙofa. Ya turo hoton a zaurensu na waya, Nas ta ce yanzu sai an nemi izini kafin a gaisa da shi.

Kwana takwas Kunkuru ya yi yana aikin da daɗin rai. Ya je shagon da kansa ya ɗauki hoton takalma saba'in a kan farin kwali, ya rubuta wa kowanne bayani. Ya gama shafin farko, ya fara kwandon saye.

A rana ta tara Kawu ya kira shi ciki. Akwai wani kamfanin gidaje da suka daɗe suna bi, yau ya amsa. Suna son shafi mai taswirar filaye, da fom ɗin neman gida, da wurin da ma'aikatansu za su riƙa shiga, duk cikin wata ɗaya.

"Yallaɓai, wata ɗaya ba zai yiwu ba ga mutum ɗaya. Ga kuma na takalma."

"Ajiye na takalma."

"Na yi masa alkawarin sati uku."

"Kai ka yi, ba ni ba. Duba takardar, ba kwanan wata a ciki." Kawu ya cire tabarau ya murza ido. Shi ma da alamar gajiya a fuskarsa. "Ka san shekara nawa nake jiran irin wannan aikin? In ya kuɓuce, ban san me zan ce wa mutanen nan huɗu ba. Abokinka zai jira. Kuma kar ka je ka ce masa an ajiye, ya fara yawo da mu a baki. Ka ce ana gwaji."

Da Asabar ta zo, ana tsakiyar wasa Shaho ya ce, "Yaya shafina?"

"Ana gwaji," in ji Kunkuru.

"Gwajin me?" in ji Nas. "Jini za ku ɗiba?"

Suka yi dariya, shi ma ya yi. Ana cikin haka wani ya lallaɓo ta ƙofar baya ya kashe su duka. Malam ya ce, "Kunkuru, barci kake?"

Aikin gidajen ya cinye komai. Mutanen kamfanin suna da manajoji uku, kowa da abin da yake so. Ɗaya ya ce maɓallin ya zama kore, na biyu ya ce shuɗi, na uku ya ce waye ya ce a sa maɓalli a nan. Taswirar da suka turo ba ta dace da jerin filayen ba, fili mai lamba arba'in da biyu ya bayyana sau uku. Kunkuru na shigowa ƙarfe takwas, ya ci biredi da shayi a kan madannai, ba ya tashi sai fitsari ya matse shi ko lokacin salla ya yi. Injin buga takardu na hura masa zafi a wuya. Wata rana da azahar ya buɗe aikin Shaho a ɓoye don ya ɗan taɓa kwandon saye, bai yi layi goma ba ya ji ƙamshin turaren Kawu a bayansa. Kawu ya ɗora yatsa a kan allon ya ƙwanƙwasa sau biyu, ya wuce. Daga makon nan aka ce a riƙa zuwa Asabar.

Lahadi ta rage masa, amma sai ya ga ba zai iya shiga gem ba. In ya shiga, Shaho zai tambaya, in ya tambaya, sai ya sake yin ƙarya a kunnen mutum uku. Ya shiga saitin wasan ya ɓoye ɗigon koren da ke nuna mutum na nan. Ya zauna a gefen gado yana kallon ɗigonsu uku a kunne, ga nasa toka-toka. Waya ta yi ƙara, Shaho ne: "Ina kake? Muna jiranka." Ya rubuta cewa kansa ke ciwo. Nas ta turo sunan magani da yadda ake sha, hakan ya fi komai ƙona masa rai.

Mahaifiyarsa ta leƙo da kwandon wanki a hannu. "Yau ba a yaƙin ne? Na ji gidan shiru."

"An ɗaga, Umma."

"To Allah ya sa su shirya gaba ɗaya," ta ce, ta ja ƙofar.

Haka aka yi Lahadi biyu. Saƙonnin Shaho suka fara gajarta. Da farko da barkwanci, sannan "Yaya dai?", daga baya alamar tambaya kawai. Kunkuru na amsawa da "saura kaɗan" da "wannan satin in sha Allahu", kowace amsa sai ya goge ya sake rubutawa sau uku kafin ya tura.

Saura kwana goma a koma makaranta, Shaho ya shigo ofis ba sanarwa, da leda a hannu mai ɗauke da adireshin. Kunkuru na ciki wurin Kawu ana waya da manajojin gidaje. Shaho ya gaishe da Mai Zane, ya ce ya zo ne ya ga inda gwajin ya kai. Ita kuwa ba wanda ya gaya mata abin da za ta ce.

"Na takalma? Ai wannan an ajiye shi tun farkon wata. Ba su faɗa maka ba?"

Da Kunkuru ya fito ya gan shi tsaye, ya ga fuskar Mai Zane, bai buƙaci bayani ba. Shaho ya ce, "Zo mu fita."

Suka tsaya a kan matakala, wurin da ake ajiye bokitin goge-goge. Shaho bai ɗaga murya ba, abin da ya sa Kunkuru ya ƙara shan jinin jikinsa, don Shaho mai ihu ne ko a kan abin da bai kai ya kawo ba.

"Sau nawa na tambaye ka?"

"Shaho, wallahi ba yadda na iya. Wani babban aiki ne ya shigo, Kawu ya ce..."

"Ban tambaye ka Kawu ba. Sau nawa?"

Shaho bai jira amsa ba, ya ci gaba.

"Da ka ce min tun ranar an ajiye, da na ji haushi kwana biyu, na nemi wani. Sati uku ka cinye min. Na cika shago da ƙananan lambobi saboda 'yan makaranta. Na gaya wa duk wanda ya shigo ya jira shafi." Ya ɗaga ledar. "Mutane na shiga wannan suna ganin farin allo, suna bugo min waya suna tambaya ko shagon ya rufe. Kuma ciwon kan ma ƙarya ne ko?"

"E."

"Nas har cewa ta yi in zo in duba ka." Ya naɗe ledar ya cusa a aljihu. "Ba na son aikin kuma. Ku sakar min adireshina in kai wa wani."

Suka koma ciki tare. Kawu ya saurari Shaho da murmushi, ya ba shi haƙuri, ya ce ai an kusa, kwana kaɗan ne. Shaho ya ce adireshin kawai yake so. Kawu ya ce adireshin na kan sunan kamfani, sakin sa kuma akwai tsari, za a duba. Shaho ya kalli Kunkuru. Kunkuru ya kalli kafet. Da Shaho zai fita bai yi wa kowa sallama ba sai Mai Zane.

Babu wani tsari, Kunkuru ya sani. Kalmar sirrin na hannunsa. Da la'asar ya buɗe wurin da ake rajistar adireshi, ya nemo na Shaho, ga maɓallin miƙa shi ga wani. Minti biyu aikin zai ɗauka. Ya ɗora hannu a kan linzamin kwamfutar ya kai kibiyar kan maɓallin. Imel zai tafi wayar Kawu nan take, wannan ma ya sani. Ya daɗe a haka har allon ya dushe. Daga ƙarshe ya rufe, ya tashi ya ƙwanƙwasa ƙofar Kawu.

"Kawu, don Allah a sakar masa."

Wannan karon Kawu bai gyara masa kiran ba. "Zauna. In na sake shi yau, gobe ya kai wa wani, duk layin su ji cewa mun kasa. In na riƙe, ka gama gidaje, ka ba shi kwana huɗu, ya samu shafinsa, kowa ya huta. Ni na san kasuwa, kai kod ka sani."

"Lokacin zai wuce masa."

"Makaranta ba sau ɗaya ake komawa ba." Ya jawo wata takarda gabansa, alamar magana ta ƙare. Sai kuma ya ɗago. "Ban taɓa roƙonka komai ba tun da ka taso. Wata ɗaya nake roƙo."

A gida ya gaya wa mahaifiyarsa komai tana yanka albasa. Ta saurara har ƙarshe, ta ce ƙaryar da ya yi ba ta kyautu ba, kuma Shaho yaron kirki ne. Ya ce yana tunanin barin aikin. Ta ajiye wuƙar.

"Ka bar shi ka je ina? Kuma a tsakiyar aikin da ya dogara da kai? In kun ɓata da kawunka, ni zan zauna tsakaninku, ni da ba ni da wani ɗan'uwa sai shi. Ka yi haƙuri ka gama masa, sannan ka je ka ba abokinka haƙuri. Abokai suna shiryawa."

"Umma, ba ki ga fuskarsa ba."

"Na ga taka ai," ta ce, ta ci gaba da yanka.

Aka koma makaranta. Wata safiya motar da ya hau ta bi ta layin shagon, ya hango Shaho tsaye a kan kujera yana manna farar takarda a kan adireshin da ke allon ƙofa, ya rubuta lambar waya da alƙalami mai kauri. Kunkuru ya sunkuyar da kai har suka wuce.

Malam ne ya kira shi ranar wata Alhamis. Ya ce sun samu wani abokin aikin Nas, mai ɗaukar hoton ƙashi a asibitinsu, yana riƙe musu ƙofar baya. "Ba korar ka aka yi ba, kar ka ɗauka haka. Wasan ne ba ya yiwuwa da mutum uku." Ya kuma ce Shaho ya samu wata mai gina shafi da ke aiki daga gida, ta yi masa sabo da wani adireshi mai tsawo, har da lamba a ƙarshe. "Ka kira shi mana. Kai ne da laifi, kai za ka fara."

Aikin gidaje bai ƙare a wata ɗaya ba, sai da ya kai sati bakwai. Ranar da aka ɗora shi, Kawu ya sayo wa kowa lemo, ya dafa kafaɗar Kunkuru a gaban mutane ya ce wannan shi ne ƙashin bayan kamfani. Da yamma ya ce, "Af, adireshin abokinka. Sakar masa, tunda ya matsu." Kunkuru ya tura wa Shaho saƙo. Amsa ta zo bayan awa uku: "Na gode. Na riga na sake buga ledoji."

Washegari da hutun azahar ya kwashe hotunan takalman nan saba'in da bayanansu a filash, ya hau mota zuwa shagon. Ya tarar da Shaho durƙushe yana gwada wa wata yarinya takalmi, uwarta na cewa a kawo mai girma don ta daɗe tana sawa. Kwalayen ƙananan lambobi jibge har rufi a bango ɗaya. Shaho ya gan shi, ya ce, "Miƙo min talatin da huɗu, ga shi can bayanka, mai ja."

Ya miƙo. Ya tsaya har suka tafi, sannan ya ajiye filash ɗin a kan kanta. "Hotunan ne. Ko za su yi wa mai shafinka amfani. Na ga nata sun ɗan yi duhu."

"Ka shiga shafin ke nan."

"Na shiga. Ta iya aiki." Ya dube shi. "Shaho, na yi maka ƙarya, kuma ranar da ka kalle ni a ofis na yi shiru. Ba ni da abin cewa. Ka yafe min."

Shaho ya juya filash ɗin a hannu, ya jefa shi cikin aljihun tebur. "Ban huce ba tukuna, kar in yaudare ka. Amma na ji." Ya fara mayar da takalma cikin kwalaye. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Mutumin Nas ɗin nan ba ya iya zama wuri ɗaya. Da ya ji harbi sai ya bar ƙofa ya taho kallo. Malam har ya fara yi masa darasi da zane. Ranar Lahadi yana da aiki, in kana so."

Kafin Kunkuru ya buɗe baki wayarsa ta ɗauki ƙara. Yallaɓai. Fom ɗin neman gida ya daina turawa, manajoji biyu sun kira, ina yake?

"Ga ni nan zuwa," ya ce, ya kashe. Ya dubi Shaho. "Lahadin... ban sani ba tukuna. Zan gaya maka ranar Asabar, ko e ko a'a."

"Je ka, ana jiranka."

Motar ta tsaya a cunkoso kusan rabin awa, wayar ta sake ƙara sau biyu a aljihunsa. Da ya isa bai ko sha ruwa ba ya zauna. Wani daga ma'aikatan gidajen ne ya sa waƙafi a cikin sunan unguwa, fom ɗin ya rikice. Minti shida ya gyara. Yana rubuta musu imel ɗin bayani Kawu ya fito ya ajiye wani koren fayil a gefen madannansa.

"Asibiti ne mai rassa uku. Sun ga na gidajen ya burge su. Asabar ƙarfe goma za su zo, wataƙila mu shiga Lahadi. Ka karanta kafin ka tashi."

Mai Zane ta ɗago ta dube shi ta saman allonta, ta mayar da kai. Kunkuru ya tura imel ɗin, ya jawo fayil ɗin ya buɗe shafin farko.